Wanda Yake Yanka Kusurwoyin Gidanmu

Ranar Laraba da safe muka tarar an yayyanka kusurwoyin bangon gidanmu.

Mai fenti ne ya fara gani. Ya shigo da bokitinsa, ya jingina tsani a baranda, sai na ji ya ce, "Auta, zo ki ga aikin aljanun gidanku."

Na fito daga ɗakina, wanda ƙofarsa take cikin falo, da takalmi ɗaya a ƙafa, don shirin tafiya shagon wanki da guga nake yi, inda nake aiki. Barandar ce ta ratsa tsakiyar gidan, ƙofofi huɗu suna buɗewa cikinta: falo, kicin, banɗaki, sai ɗakin Umma a can ƙarshe. A bakin kowace ƙofa akwai kusurwar da mai filasta ya gama gogewa jiya da rana, ta yi sumul kamar ƙwai. Yanzu kowacce an tsaga ta da wani abu mai kaifi, wata kaɗan, wata da yawa. Tsagar ta ratsa farin kwaɓin har robar da ke ƙarƙashi ta leƙo.

Mai filasta ya iso bayansa. Mutum ne mai shiru. Ƙura ta mayar da gashinsa da girarsa fari fat, shi ya sa mai fenti yake ce masa Fatalwa. Shi kuma yana ce wa mai fenti Hawainiya, don babu launin da ba a samu a wandonsa.

Mai fenti ya ce, "Fatalwa, ga 'ya'yanka nan an yi musu aski ba ruwa."

Mai filasta bai yi dariya ba. Ya ɗora babban yatsa a kan wata tsaga, ya ce, "Zan cike." Bai tambayi wanda ya yi ba. Wannan ya tsaya mini a rai.

Sai na koma baya kaɗan, don a gane abin da ya sa tsaga a bango ta hana ni cin abinci.

Babanmu ne ya raba cikin gidan da allon filasta, irin farin allon nan da ake kafawa a jikin katako a yi bango da shi. A kowace kusurwa akwai ƙarfe mai kaifi a ɓoye cikin kwaɓi. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ni da Umma muke zaune. Wata biyu da suka wuce Umma ta yi karo da kusurwar bakin kicin, girarta ta tsage, aka yi mata ɗinki biyar. Yayana, wanda yake aiki a wani gari mai nisa, ya zo ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Umma ta ce daga gidan nan sai kabari. Suka yi kwana biyu suna ja. A ƙarshe Yaya ya ce ya ji, amma sai an cire duk wani kaifi a gidan, kuma in aka sake samun abin da ya taɓa lafiyarta, maganar ta ƙare.

Shi ne mai filasta ya zo da gutsattsarin kayan kusurwa ya jera a tebur. Yaya yana kan waya yana saurare.

Ya ce, "Wannan ƙarfe ne zalla. Yana da ƙarfi, amma in ya lotsa ya lotsa ke nan, kuma kusa da banɗaki zai yi tsatsa. Wannan ƙarfe ne da takarda a bayansa, kwaɓi ke riƙe shi, ba ya saurin tsagewa. Wannan kuwa roba ce, babu ruwanta da laima, in an buge ta sai ta dawo daidai."

Kowanne yana da iri biyu, mai ƙaramin lanƙwasa kamar bayan fensir, da mai faɗi kamar wuyan kwalba. Umma ta ɗauki ɗaya bayan ɗaya tana shafawa da yatsa.

Ta ce, "A sa mai ƙaramin. Ko yaya dai ɗan baki ya rage."

Yaya ya ce, "Umma, ai bakin ne ya tsaga ki. Malam, sa mai faɗin, na roba."

Umma ta ajiye gutsuren ta ce, "To, Babba."

Kwana shida mai filasta ya yi. Ya ɓamɓare tsohon ƙarfen, ya rage bakin allon da faɗin yatsa a kowane gefe don lanƙwasan ya sami wurin zama. Ya fesa gam, ya manna robar, ya ɗora lebur, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa, ya ga ta miƙe, ya bi ta da ƙananan ƙusoshi. Sannan kwaɓi sau uku, kowanne sai na baya ya bushe, kowanne ya fi na baya faɗi da siranta, har mutum ba zai san inda roba ta ƙare bango ya soma ba. Na ƙarshe ya goge da samfefa. Ni murna nake ta yi. A ganina kowace kusurwa da ya gama, Umma ta ƙara zama a gidanta ke nan.

Kafin ƙarfe tara na ranar Larabar ƙofar gidanmu ta cika da maƙwabta. Mai fenti ya gitta tsani ya hana su shiga, suka tsaya suna leƙe. Wata ta ce ma'aikatan ne suke yi wa juna ƙeta. Wani ya ce a tambayi Alhaji mai kanti na jikin gidanmu, wanda kowa ya san ya daɗe yana son ya sayi gidan ya ƙara faɗin shagonsa. Umma daga ɗaki ta ce, "Auta, ki sallami mutane. Bango ne aka yanka, ba mutum ba."

Amma labarin ya riga ya kai wa Yaya. Ya kira ni.

Ya ce, "Ke kina shago tun safe har magariba. Umma ita kaɗai a gida, wani yana shiga da wuƙa. Ranar Asabar ina nan zuwa. In ba a san ko wane ne ba, ki haɗa mata kaya."

A bakin titinmu akwai wani dattijo mai gyaran takalmi. Da ƙuruciyarsa shi ake kira in an sace dabbobi ko mutum ya ɓata, ya bi sawu har inda aka kwana. Baba Mai Sawu ake ce masa. Ban taɓa yi masa magana fiye da gaisuwa ba. Na je na tsaya a gabansa ina juya takalmina a hannu.

Ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau, ni na ɗinke shi. Mene ne, 'yata?"

Na faɗa masa ina kallon ƙasa.

"An share gidan?"

"Ban samu na share ba."

"Yau ƙazanta ta yi rana. Mu je."

Ya cire takalminsa a ƙofa. Ya sa na rufe tagogi, ya bar ƙofar waje kawai a buɗe, haske ya shigo a kwance. Sai ga ƙurar samfefa ta fito a daɓe kamar an barbaɗa gari, sawaye birjik a cikinta. Ya tsuguna ya daɗe.

Ya ce, "Wannan naki ne. Wannan silifas ɗin Hajiya. Ga na mai filasta. Ga but ɗin mai fenti, ya shigo yau, amma ya shigo jiya ma bayan an gama goge bango. Wannan kuwa," ya nuna wani faffaɗan sawu mai faci a dunduniyar hagu, "ni na yi facin nan da hannuna. Na maƙwabcinku ne."

Ya ɗaga murya ya gaida Umma ta bayan labule. Ta amsa, ta ce masa da bai wahalar da kansa ba.

Washegari na roƙi uwar ɗakina ta ba ni rabin wuni, na bi Baba. Da mai fenti ya fara.

"Me ya kawo ka ranar Talata da rana, alhali aikinka sai Laraba?"

"Fenti na kawo."

"Fentin ne ya yi awa guda a kan doguwar kujera? Na ga inda ka cire but, na ga inda ka sa."

Mai fenti ya sosa ƙeya. "Baba, fankar falon nan tana da daɗi. Na ce bari in ɗan miƙe baya. Don Allah kada Fatalwa ya ji, sai ya yi shekara yana yi mini tsiya."

"Ka ji wani motsi?"

"Hajiya dai. Tana ta kai da kawo kamar mai neman wani abu. Sau biyu na ji ta shiga banɗaki ta fito tana tsaki."

Baba ya karɓi wuƙar kankare bangonsa, ya gwada bakinta a kan tsagar. Ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ya ce abin da ya yi wannan siriri ne, mai ɗan ƙugiya, kuma ba sara aka yi ba, ja aka yi a hankali.

Alhaji mai kanti ya so ya yi faɗa. Ya ce shi da girmansa za a zo masa da maganar yankan bango?

Baba ya ce, "Ban ce ka yanka ba, Alhaji. Tafiyarka ce ta ba ni mamaki. Dunduniya a bakin yatsa, dunduniya a bakin yatsa, tun daga ƙofa har ƙarshen baranda. Ko ƙafar ce take ciwo?"

Alhaji ya kalli yaran shagonsa, ya rage murya. "Aunawa na yi. Na ga ƙofa a buɗe, na ce bari in san tsawon wurin, ko Allah zai sa wata rana a sayar. Ban taɓa komai ba."

"Hajiya fa?"

"Tana zaune a bakin ƙofarta tana fuskantata. Har na gama ba ta ce mini uffan ba. Kunya ta kama ni, na san fushi ta yi, na fita ko sallama ban yi ba."

A hanya na ce, "Baba, shi ne ko?"

Ya ce, "Sawunsa a tsakiyar baranda yake, bai taɓa matsawa jikin bango ba. Sai dai in hannunsa ya kai tsawon tsani."

Mai filasta muka tarar yana dama kwaɓi. Baba ya zauna a kan bokiti kusa da shi.

"Malam, wannan ne karo na farko?"

Ya ci gaba da damawa.

"A ƙarƙashin tsagar akwai kwaɓin da bai kai na kewaye bushewa ba. An taɓa yankawa ka cike."

"Ranar Litinin," in ji shi.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Baba, ni gyaran bango aka ɗauko ni."

Na tuna Yaya ya ba shi makullin gidan tun ranar da ya soma aiki. Na ji na tsane shi, mutumin da nake kai wa shayi kullum da safe.

Baba ya ce masa ya cike tsagar yau, ya goge, amma kada ya kakkaɓe bangon, ya bar ƙurar a jikinsa. Ya ce gobe kada kowa ya zo aiki. Ni kuma in kulle ƙofa in tafi shago.

Ranar Juma'a da la'asar na dawo na biya wa Baba. Ƙofa tana kulle yadda na bar ta. Muka shiga. Tsagar ta dawo, duka huɗun, a daidai inda take.

Na ce, "Makulli uku ne. Nawa, na Umma, da na mai filasta."

Wannan karon Baba bai kalli ƙasa ba, bangon ya tsura wa ido, ya karkata kai yana bin sa tun daga ƙofa har ƙarshe. Sannan ya fita waje ya zauna a dakali, ya sa takalminsa a hankali.

Ya ce, "'Yata, ki ce wa yayanki tsohon nan ya kasa. Idona ya yi rauni."

Ban san lokacin da na soma kuka ba. Na ce, "In ka kasa, gobe zai tafi da ita. Baba, a gidan nan ta haife mu. A ɗakin nan babanmu ya cika. In aka fitar da ita ba za ta yi shekara ba."

"In na faɗa fa?"

"Sai a karɓe makullin, a hana mutumin shigowa, Umma ta zauna."

Ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Ranar Asabar da hantsi Yaya ya iso, ko ruwa bai sha ba ya tara kowa a falo. Umma tana kan kujerarta ta gindin taga. Mai fenti da mai filasta suna tsaye, Alhaji ya zauna yana karkaɗa ƙafa. Ni na raɓe a bakin ƙofa.

Baba ya ce mai fenti barci ya yi, kuma barci ba laifi ba ne. Ya ce Alhaji aune ya yi, wannan kuwa tsakaninsa da kunyarsa. Ya ce jiya ƙofa a kulle take, amma an sake yankawa.

Yaya ya juya ga mai filasta. "Malam, ina makullin da na ba ka?"

Ya ciro shi ya ajiye a tebur. Ya ce, "Ni ne. Kwaɓin ne bai yi mini ba, nake tsagawa in ga ko ya kama."

Mai fenti ya ce, "Fatalwa, kai da ko ƙuda ya sauka a bangonka sai ka yi kwana biyu ba ka magana?"

Yaya ya miƙe. "Na ba ka amanar gida da tsohuwa a ciki, kana shigowa da wuƙa in ba kowa. Ofishin 'yan sanda za mu. Kuma na yi maka alkawari, babu gidan da zai ƙara ba ka aiki a unguwar nan."

Mai filasta ya sunkuyar da kai, ya ce, "To."

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Mutumin nan ƙarya yake yi. Na daɗe ban ji ƙarya mai kyau irin tasa ba, amma ba zan bari a kai shi ko'ina a kanta ba. Ɗana, zo."

Ya ja Yaya zuwa ƙofar waje, muka bi su, ban da Umma. Ya sa aka rufe tagogi kamar ranar farko. Ya nuna bangon dama. A cikin ƙurar da ke jikinsa akwai layi uku sirara, kusa da juna, daidai tsayin gwiwar hannu. Sun taso daga ƙofa, sun bi bango ba yankewa, sun zagaya kowace kusurwa, sun ci gaba.

Baba ya ce, "Ƙafa kowa ya san tana barin sawu. Wannan sawun yatsu ne. Ɗora naka a kai. Rufe idonka. Kada ka buɗe sai na ce. Duk abin da ka ji a hannunka ka faɗa."

Yaya ya ce, "Baba, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani. Rufe."

Ya rufe. Sai da ya ɗan rusuna kafin yatsunsa su dace da layin. Ya soma tafiya, takunsa ya gajarce, kafaɗarsa tana gogar bango. A kusurwar farko ya tsaya.

"Tsaga ɗaya."

"Ina ne nan?"

"Falo."

Ya ci gaba. "Biyu." Ya sake shafawa. "Kicin."

A ta uku bai ƙirga da baki ba. Na ga yatsansa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a nan, idonsa a rufe, hannunsa a bango, bai ƙara taku ba. Ni kuwa na zauna a cikin ƙurar.

Daga falo Umma ta ce, "Babba, ƙyale bawan Allah. Da abin warware ɗinki na yi. Yana ƙarƙashin filona."

Muka koma. Alhaji ya zame ya fita ba wanda ya kula. Yaya ya durƙusa a gaban kujerarta.

"Tun yaushe, Umma?"

"Na hagu tun babanku yana da rai. Shi ya kai ni wurin likita, aka ce jijiyar ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. Na dama ya bi shi bara. Ina gane rana da dare. Ina gane in mutum ya tare mini taga, kamar yadda ka yi yanzu."

Na tuna ta daina ɗinki bara, na ce kewar babanmu ce. Ta daina fita, na ce ƙafa ce. Kullum muna cin abinci a faranti ɗaya da ita.

Ta ce, "Tsofaffin kusurwoyin nan kowacce na san ta. Ta kicin tana da lotsawa inda babanku ya buga firji ranar da aka kawo shi. Ta banɗaki kekenka ya ɓantare ta kana ɗan shekara bakwai. In yatsana ya faɗa daga baki, na san bango ya ƙare. Waɗannan kuwa duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Hannuna sai ya bi ya zagaya, ban san na juya ba. Ranar Litinin na ɗauki tukunya zan kai kicin, na tsinci kaina a banɗaki."

Yaya ya ce, "To ranar da kika ji ciwo fa? Ai lokacin ba a taɓa su ba."

"An ɗan matsar da teburin guga ne. Na kauce masa, lissafi ya ɓace mini." Ta juyo wajen da take jin numfashina. "Ba laifin kowa ba ne."

Ni na matsar da shi. Na ga ya fi kyau a can.

Yaya ya ɗago ya kalli mai filasta. "Kai ka sani?"

"Tun ranar zaɓe na yi zargi. Duk wanda na miƙa wa gutsure kallonsa yake fara yi. Ita ba ta kalli ko ɗaya ba. Ranar Litinin na dawo ɗaukar lebur na same ta tana yi. Ta ce in rufa mata asiri kamar uwata." Ya murza hularsa. "Amma akwai gyara. Zan iya dasa ƙananan duwatsu masu santsi a cikin kwaɓin, ɗaya, biyu, uku, huɗu, daidai hannunta. Ba za su ji wa kowa ciwo ba. Wuni ɗaya ne."

Mai fenti ya ce, "Ni kuma in zagaye su, ba zan shafe ba."

Yaya ya ce, "Wutar girki fa? Ruwan zafi fa? In ta faɗi da safe, wa zai sani kafin magariba?"

Ban saba magana a cikin mutane ba, amma na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Zan bar aikin. Zan zauna da ita. Yaya, don Allah. Ba zan ƙara matsar da komai ba."

Yaya ya kalle ni, ya kalli bangon. Na ga ya soma saukowa. Da an ƙara minti ɗaya da ya yarda.

Umma ce ta ce, "A'a."

"Umma."

"Abin da nake gudu ke nan tun bara. Kina tsammani don bango na ɓoye? Na san ranar da kika ji, ranar za ki ajiye aikinki ki zo ki zauna a gindina. Shekararki ashirin da biyu. Karatu bai samu ba, wannan aikin da kanki kika nemo shi, ke da ko gaisuwa sai an matsa miki. Uwar ɗakinki ta ce za ta bar miki shagon in ta buɗe na biyu, da kunnena na ji. Ba za ki ƙare kina ƙirga mini ƙofofi ba." Ta lalubi kan Yaya ta dafa. "Babba, matarka tana gida, ga yara. Zan bi ka."

Na ce, "Kin ce daga nan sai kabari."

"Na faɗa. Lokacin ba ki sani ba ne."

Baba Mai Sawu ya miƙe. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Silifas ɗina ne ya tona ni?"

"A'a. Shi ya yi ta ƙoƙarin rufa miki. Hannunki ne."

Ta ɗan yi murmushi. "Ka yi aikinka. Allah ya yi albarka."

Da kowa ya watse na shiga ɗakinta na ciro akwati. Tana zaune a bakin gado tana faɗa mini inda komai yake, wane zane a wane layi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ina ninkewa hawaye yana ɗiga a kan kayan.

Na ce, "Umma, ni na kira shi. Ya ce in bar maganar, na ƙi."

"Ai na ji ku a dakali. Kunnena lafiyarsa ƙalau."

"Me ya hana ki kira ni ki faɗa mini?"

"Na yi niyya. Sai na ji yadda kike yi wa tsohon nan magana, ba tsoro ba in'ina. Na ce bari in ƙara saurare." Ta miƙa hannu. "Ba ni shuɗin mayafin nan, shi zan sa gobe."

Ranar Lahadi da safe Yaya ya kawo mota ƙofar gida. Cikin gidan ita ta fita da kanta, hannunta a bango. A bakin ƙofar waje ta tsaya, ta ce, "Daga nan ban san komai ba. Auta, ba ni kafaɗarki." Na kai ta, na dafa kanta kada ta bugi ƙarfen motar, na gyara mata mayafi. Ta ce in riƙa rufe gas, in riƙa cin abinci kafin in fita, kada in bar wa Alhaji ko taku ɗaya. Na ce to. Na rufe ƙofar, na zagaya baya na taya Yaya ɗaure akwati, na tsaya a nan.

Mota ta tashi. Umma ta fito da hannu ta taga tana ɗaga mini. Wajen bangon kantin Alhaji take ɗagawa, inda ta bar ni ɗazu, babu kowa a wurin sai akwatunan lemo.

Na yi sauri na je na tsaya a wurin, har motar ta sha kwana.